Dokar hana wuta a daji: kariya ce ga maƙwabtan gandu ko cuta?

"Assalamu alaikum, Malam. Ƙauyenmu yana jingine da gandun dajin gwamnati, gonar mahaifina ma iyakarta ɗaya da gandun. Bara malaman daji suka ci shi tara don ya sa wa ciyawar bakin gonarsa wuta bayan ya kwashe dawa, alhali haka ya taso ya ga ana yi. Kwanan nan kuma na ji ana hira a rediyo kan gobarar dajin Amurka, wani yana cewa wai dokar kashe wuta ce ta jawo musu manyan gobarar da ke cinye garuruwa. Kaina ya ɗaure. Ta yaya hana wuta zai haifi wuta? Mu kuma da muke kwana muna tashi a bakin gandu, irin wannan doka kare mu take yi ko cutar mu?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar wa mahaifinka da alheri. Tambaya biyu ka ƙulle a ƙunshi ɗaya: ko gaskiya ne dokar da ta ce a kashe kowace wuta a daji tana ƙara wa gobara ƙarfi, sannan wa ke ɗaukar nauyin dokar in ta sauko ƙasa. Na yi shekaru ina aikin gandun daji kafin in ajiye. Da hannuna na rubuta wa mutane takardar tara, da idona kuma na ga wutar da ta fi ƙarfinmu, saboda haka ba daga nesa zan ba ka amsa ba.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne a wasu dazuzzukan, ba duka ba. Dajin da ciyawa ke cika shi da damina ta bushe da rani zai ci wuta, da doka ko ba doka. Iyakar abin da doka ke iya sauyawa shi ne watan da wutar za ta tashi, da hannun da zai kunna ta, da wanda asarar za ta faɗa wa. Bari mu fara da Amurka tunda can ka jiyo zancen, kuma su ne suka fi kowa daɗewa suna gwada wannan doka da kuɗi da jirage da dubban ma'aikata.

Yadda Amurka ta ɗaura yaƙi da wuta

A 1905 aka kafa hukumar kula da dazuzzukan gwamnatin tarayyar Amurka. Tana da shekara biyar kacal, a ranakun 20 da 21 ga Agustan 1910, iska mai ƙarfi ta haɗe ƙananan gobara masu yawa a jihohin Idaho da Montana suka zama guda. Cikin kwana biyu wutar ta lashe daji kusan eka miliyan 3, ta kashe mutum fiye da 80, yawancinsu masu kashe gobara. Samarin ma'aikatan da suka shaƙi wannan hayaƙi su ne daga baya suka riƙa shugabancin hukumar, kuma abin bai taɓa fita ransu ba. A 1911 majalisa ta yi dokar Weeks, wadda ta buɗe hanyar da gwamnatin tarayya za ta riƙa tallafa wa jihohi wajen kashe wutar daji. A 1935 shugaban hukumar, Ferdinand Silcox, wanda shi ma yana cikin waɗanda suka yi fama da gobarar 1910, ya kafa ƙa'idar da ake kira ta ƙarfe goma: duk wutar da aka kawo rahotonta yau, lallai a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. A 1944 suka fito da hoton wata dabbar daji mai hula da suka raɗa wa suna Smokey, tana yi wa yara da manya gargaɗi a allunan hanya da makarantu, har ya zauna a zukatan mutane cewa hayaƙi a daji alamar sakaci ne ko ta'asa.

Kuma aikin ya ci. Har gobe, cikin kowace wuta 100 da ta tashi a dazuzzukansu, wajen 98 ana murƙushe su tun suna ƙanana. To a nan gizo ke saƙar.

Busassun dazuzzukan yammacin ƙasar, masu dogayen itatuwa da kaurin ɓawo, sun saba cin wuta duk bayan 'yan shekaru, ko tsawa ta kunna ko mutanen ƙasar na asali su kunna. Wuta ce mai rarrafe a ƙasa, ta cinye busasshen ganye da ƙiraruwa da ƙananan tsiro, ta ɗan babbake gindin manyan itatuwa ta wuce. Da aka shekara kusan ɗari ana kashe ta, sai duk abin da take sharewa ya taru. Ƙananan itatuwa suka yi cunkoso a ƙarƙashin manya, suka zama tsani: wuta ta kama ganyen ƙasa, ta hau kan ƙanana, daga nan ta cafki kan manya. In ta kai sama, ba mai tare ta, tartsatsinta ma yana tafiya fiye da kilomita a iska ya kunna wata a gaba. Sannan ka lura da waɗannan biyun da ke kuɓuce musu cikin ɗari. Ba sa kuɓucewa ranar da gari ya yi sanyi iska ta kwanta, domin ta irin wannan rana an kashe ta tun da hantsi. Suna kuɓucewa ne ranar da zafi ya kai maƙura, daji ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Ashe dokar tankaɗe take yi, tana zubar da wuta mai sauƙi tana ajiye mai tsanani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Waɗanda suka biya

Na farko da abin ya faɗa wa su ne masu ƙasar na asali. A 1850, shekarar da Kalifoniya ta zama jiha, majalisarta ta yi wata doka a kan Indiyawan daji, a cikinta har da hukunta duk wanda ya sa wa fili wuta. Ƙabilun Karuk da Yurok na bakin kogin Klamath da wuta suke gyara dajinsu tun kakanni. Akwai wani itace da suke saƙa kwanduna da tsirgiyarsa, kuma ba ya fitar da miƙaƙƙun rassa masu saƙuwa sai an ƙona shi ya sake toho. Akwai wani mai 'ya'ya da suke niƙawa su yi abinci, matsayinsa a wurinsu kamar na ɗorawa ko kaɗanya a wurinmu, wuta ce ke kashe ƙwarin da ke huda 'ya'yan in sun zubo. Daga baya kusan duk ƙasar Karuk ta shiga cikin gandayen tarayya biyu, Klamath da Six Rivers, abin da kaka ya koya wa jika ya koma laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Sana'a ta ja baya, abinci ya ragu, ilimin ya riƙa bin tsofaffi kabari. A Satumbar 2020 gobara ta sauko daga dajin ta cinye gidaje kusan 200 a Happy Camp, garin da hedikwatar ƙabilar Karuk take. Mutanen da aka hana kunna ƙaramar wuta su ne babbar ta zo ta tarar a gida. Duk sanda na tuna wannan sai raina ya sosu, domin na san irinsu a nan.

Na biyu su ne mazauna garuruwan da ke gindin daji. A ranar 8 ga Nuwambar 2018 wuta ta shiga Paradise, wani gari a Kalifoniya mai mutum wajen 26,000, ta kashe mutum 85 a yankin, ta cinye gine-gine fiye da 18,000. A 2021 wata ta shafe yawancin Greenville, ƙaramin gari da gandun tarayya ya kewaye. Fiye da rabin dajin Kalifoniya, wajen kashi 57 cikin 100, mallakar gwamnatin tarayya ne. Ma'ana mutum yana ganin makamashi na taruwa a bayan katangarsa, ba shi da ikon taɓawa, wanda ke da ikon kuma yana wani ofis mai nisa. Ko wanda wuta ba ta taɓa gidansa ba yana ji a jikinsa: makonni ana shaƙar hayaƙi, ga kuɗin inshorar gida ya hau. A watan Mayun 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar baki ɗaya, kuma gobarar daji na cikin dalilan da ya bayar.

Ita kanta hukumar gandun dajin Amurka kuɗinta wuta ta cinye. A 1995 kashi 16 cikin 100 na kasafinta ke tafiya kan gobara, zuwa 2015 ya haura rabi. A wancan lokacin, in kuɗin kashe wuta ya ƙare a tsakiyar shekara, sai a ɗebo daga na rage cunkoson daji da sauran aikin rigakafi, baɗi kuma wutar ta fi ta bana.

Amma wurin da na fi so ka riƙe, domin ya shafi tarar mahaifinka kai tsaye, shi ne yadda doka ke raba laifi. Ma'aikacin da ya bar makamashi ya taru shekara ashirin, ba mai tuhumarsa ranar da gobara ta tashi, sai a ce ƙaddara ce. Wanda ya ce bari in kunna yanzu da sanyi don in rage, in ta ɗan zarce, shi za a kama, shi zai biya kuɗin kashewa. Har dokar tsabtar iska a Amurka ta daɗe tana ƙirga hayaƙin wutar da aka kunna da niyya a kan jiha, tana yi wa na gobarar da ta tashi da kanta uzuri. Kowane mai hankali da ya auna wannan zai naɗe hannu. Shi ya sa, ko da yake hukumar da ke kula da dazuzzukan yawon shaƙatawa ta sassauta tun 1968, ta gandun daji kuma ta jingine ƙa'idar ƙarfe goma a 1978, halin bai sauya da sauri ba. Sai a 2021 Kalifoniya ta yi dokar da ta ce ƙwararren da ya kunna wuta bisa tsari, har da masu ƙuna ta gargajiya daga ƙabilu, ba zai biya kuɗin kashewa ba in ta zarce sai an tabbatar ya yi mugun sakaci. A 2022 ta kafa asusu na dala miliyan 20 don biyan diyyar ɓarnar da irin wannan ƙuna ka iya jawowa.

Kada ka ɗauka maganar ta tsaya a nan, cewa a kunna kawai komai ya daidaita. A 2022 wuta biyu da hukumar gandun daji ta kunna da kanta a jihar New Mexico suka ƙwace, suka haɗe, suka ci fiye da eka 340,000 da ɗaruruwan gidajen talakawan karkara, gobarar da jihar ba ta taɓa ganin irinta ba. Sai da majalisar ƙasa ta ware kusan dala biliyan 4 don diyya. Paradise ma wayar lantarkin kamfani ce ta kunna ta, fari da iska suka rura, kuma kamfanin ya amsa laifin kisan mutum 84 a kotu a 2020. Gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 kuwa ba ta shiga wannan lissafi ba sam, domin tsaunukan can ƙananan sarƙaƙiya ne da yawan wuta ke lalatawa, ba ƙarancinta ba. Ga ɗumamar yanayi da ke tsawaita rani, ga mutane na ta kai gini cikin daji. Dokar kashe wuta ƙafa ɗaya ce a cikin murhun, ba ita kaɗai ke riƙe da tukunyar ba.

Namu dajin

Itatuwanmu daban ne da nasu, amma lissafin ciyawa ɗaya ne, kuma tun zamanin Turawa aka gwada shi a nan Afirka ta Yamma. A gandun Olokemeji da ke kudu maso yammacin Najeriya an yanka filayen gwaji a 1929, a Kokondekro kusa da Bouaké a Kodebuwa kuma wani masanin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya yanka nasa a 1936. Tsarin iri ɗaya ne: fili ɗaya a hana shi wuta gaba ɗaya, ɗaya a ƙona shi da farkon rani, ɗaya a ƙona shi da ƙarshen rani, kowace shekara. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka hana wuta ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri itatuwansa suka tsaya, har da ƙanana masu tasowa. Wanda ake bari sai ƙarshen rani ya koma kusan ciyawa zalla da 'yan itatuwa jefi-jefi.

Mu malaman daji sai idonmu ya tsaya a kan fili na farko, muka ce ga abin da muke so. Abin da muka ƙi dubawa shi ne ɗan fili ne da ake gadinsa dare da rana, an share kewayensa. Gandu mai dubban hekta, da burtali ya ratsa shi, da mafarauta da masu ɗiban zuma da matafiya masu jefar da guntun sigari, ba wanda ya isa ya hana shi wuta shekara goma a jere. In ka hana wutar kaka, ba fili na farko za ka samu ba, na uku za ka samu, kuma da ciyawar shekara biyu ko uku a jibge.

Mali ta gwada da ƙarfin hukuma. A tsakiyar shekarun 1980, bayan fari, gwamnatin Musa Traore ta haramta ƙona daji kwata-kwata, aka riƙa cin ƙauye guda tara in wuta ta tashi a yankinsa ko ba a san wanda ya kunna ba. Wuta ba ta daina tashi ba, ta dai koma a ɓoye, ƙiyayya kuma ta shiga tsakanin manoma da malaman daji, har da gwamnatin ta faɗi a Maris 1991 aka kori ma'aikatan daji daga ƙauyuka da dama. Dokokin da suka biyo baya a 1995 sun dawo da izinin ƙuna da farkon rani. Gana ma ta yi dokar hana ƙona daji a 1983, shekarar da fari da gobara suka cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma 'yan ƙasar da aka kora daga Najeriya sun dawo cikin yunwa. A 1990 ta sake dokar, ta kafa ƙungiyoyin sa-kai na kashe gobara a garuruwa, wanda a ganina shi ne ɓangarenta mafi amfani, domin ya mayar da mutanen gari abokan aiki.

Ga abin da ni na gani. A wani gandu da na yi aiki, dajin doka da maje da kaɗanya, gamba tana fin tsayin mutum, mun saba duk shekara da an gama yankan shuci da gambar zana sai mu bi iyaka mu share, mu kunna. Wani tsohon maharbi na ƙauyen da ke kusa shi ke gaya mana rana. Zai kama karan gamba ya lanƙwasa a yatsunsa. In ya tanƙwaru yana da sauran danshi a gaɓa, sai ya ce yau. In ya karye ƙas, sai ya girgiza kai ya ce kun makara, a bar nan a nemi fadama. Ba ya yarda a kunna da rana tsaka, sai bayan la'asar sakaliya, iska ta faɗi. Wutar takan tafi a hankali da farin hayaƙi mai kauri, tsayinta bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, mutum uku da ɗanyun rassa sun isa su bi gefenta. Kafin tsakar dare raɓa ta kashe ta. Da safe in ka duba sai ka ga daji ya yi dabbare-dabbare, nan baƙi, can ɗanye, can busasshe bai ci ba. Waɗannan baƙaƙen wurare su ne katangar da ke tare wutar bazara in ta zo, domin ba ta samun abin ci. Bayan mako biyu toho ya fito, shanun Fulani suka samu.

Sai aka kawo mana sabon shugaba da umarni daga sama cewa ba ƙuna ko ta wane iri, wanda aka kama a kai shi kotu. Muka bi. Ni na je na gaya wa tsohon nan, bai ce mini komai ba sai "Allah ya kyauta". Shekara ta farko muka tsira, har aka yaba mana a rahoto. Ta biyu, wajen ƙarshen Fabrairu, da azahar, iskar hunturu na busawa, wuta ta taso daga gabas. Ƙararta kamar manyan motoci a kan gada. Harshenta yana lasar kan itatuwan doka, kaɗanyar da ke cikin fure ta babbake, wato matan ƙauyen sun yi asarar man shekarar tun kafin ya ƙulla. Ta tsallake hanyar mota kamar ba a yi ta ba, ta faɗa gonakin bakin gandu, ta ci karan da aka tara wa dabbobi da rumbuna biyu na bayan gari. Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Mun aika a kira mutane su taimaka, ba wanda ya fito sai da ta doso gidaje. Daga baya mai unguwa ya gaya mini dalili a fili: "Malam, duk wanda kuka gani kusa da wuta shi kuke rubutawa. Wa zai zo?" Mutanen da da su ke fara hango hayaƙi su rugo su gaya mana, mun mayar da su masu kawar da kai. Wannan asarar ba ta shiga rahoto ba, kuma ta fi rumbunan daɗewa ba a mayar da ita ba.

Inda maganata ba ta kai ba

Duk abin da na faɗa na dajin gamba ne, inda ruwa ke da yawa kuma ciyawa ke da saiwa mai rai da za ta sake toho. Can arewa, a makiyayar Nijar irin su Abalak da kewayen gandun Gadabeji, ciyawar shekara-shekara ce, daga iri take fitowa. In ta ƙone a Oktoba, ba toho sai wata damina, abincin dabbobi na wata takwas ya tafi a yini ɗaya. A can hana wuta shi ne daidai, kuma aikin da ake yi na share dogayen layuka a cikin makiyaya don tare ta shi ne maganin. Haka kurmin bakin rafi da sabon dashen itatuwa, ba a kai musu wuta ko ta kaka. Sannan ba kowace wutar ƙauye ce ta hikima ba. Yaran da ke cinna wa daji wuta a Maris don gafiya da zomo ɓarna suke yi, dole doka ta hana su. Ko gonar kanta, ƙona kara da ganye a cikinta duk shekara yana rage mata ƙarfi, gara a bar wa dabbobi su ci su yi taki. Ni ma'aikacin daji ne ba lauya ba, kuma gandayen Najeriya yawancinsu a hannun jihohi suke, kowace da dokarta, don haka hukuncin tarar mahaifinka sai an duba ta jiharku.

Abin da za ku iya yi

A 2011 gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar da ƙa'idojin ƙona daji ta hannun NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a kan neman izini suka ginu. Wannan ƙofa ce, ku shiga ta nan. Kada mahaifinka ya je shi kaɗai. Tun watan Satumba, kafin ciyawa ta bushe, ku sa dagaci ko mai unguwa ya tara manoman bakin gandu da arɗon Fulani da sarkin maharba da matan da ke tsintar kaɗanya, a gayyaci malamin daji, a zauna. A yanke ranar da za a gama yankan shuci da gamba, da ranar da kowa zai kwashe amfaninsa daga gona, da makon da za a share iyaka a kunna, da ranar da daga ita an rufe, duk wanda ya kunna bayanta shi ya jawo wa kansa. A rubuta, malamin daji ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ku nemi a rubuta har da cewa wanda ya fito kashe wuta ba za a tuhume shi don an gan shi a wurin ba. Yawancin malaman dajin da na sani za su yi murna da wannan, domin mutum biyu ko uku ne ke gadin abin da ya fi ƙarfin mutum hamsin, kuma sun san wutar bazara a kansu za ta ƙare.

Ku kuma nemi ganin takardar da aka kafa gandunku da ita. Lokacin da ake yanka gandaye, akan rubuta haƙƙoƙin da aka bar wa ƙauyukan kewaye, kamar yankan ciyawar jinka, tsintar 'ya'yan itace, ɗiban busasshen itace da bin hanya. Ƙauyuka da yawa sun manta suna da su. Tana ofishin gandun daji na shiyya ko ma'aikatar jiha. Duk tarar da za a biya kuma a karɓi rasit mai hatimin gwamnati da sunan sashen dokar da aka karya.

Na ƙarshe shi ne wanda ba ya bukatar izinin kowa. Binciken da aka yi kan gidajen da suka ƙone a Amurka ya nuna yawancinsu tartsatsi ne ke kama su, ya faɗa kan busasshen abu a jikin gida ko kusa da shi, shi ya sa dokar Kalifoniya ta wajabta wa mai gida a bakin daji ya gyara kewayensa har ƙafa 100, wajen mita 30. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku nome ciyawar da ke kewaye da rumbuna da dangar gida har ƙasa ta fito, ku janye tarin kara da harawa daga jikin ɗakunan jinka, kada ku jibge su wuri ɗaya a gefen da iskar hunturu ke fitowa. Tsakanin gonar mahaifinka da gandu a share layi da fartanya, faɗinsa ya ninka tsayin gambar wurin aƙalla sau biyu, a kwashe abin da aka nome a kai cikin gona, kada a bar shi a kan layin. A yi wannan kafin ƙarshen Oktoba, a sake bi a duba bayan iskar farko ta zubo da ganye. Ka gaishe mini da mahaifin naka.